Itatuwan Gandun Baba

Da za a ba ni damar warware abu guda cikin abin da na aikata a rayuwata, ba zan tsaya tunani ba. Ni na sa aka tumɓuke itatuwan gandun mahaifina, da hankalina, ina ganin alheri nake yi. Yau na tsufa, rabin gandun ya zama kwazazzabo, waɗanda ya kamata in roƙi gafararsu kuma duk sun riga mu gidan gaskiya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Faskari da Mairuwa. Karatuna bai yi zurfi ba, daga firamare sai makarantar koyon aikin gona. Amma lokacin ne kuɗin mai suka shigo ƙasa, ana neman samarin da za a tura Turai su koyo aikin tarakta da noman zamani. Sai sunana ya fito. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, sai ga ni a filin jirgin Kano da akwatin ƙarfe. A ƙasan akwatin Inna ta cusa mini ƙullin kuka da yaji da daddawa. Daddawar ta hannunta ce, daga kalwar ɗorawar gandunmu. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni, har daga Sheme da Sabuwa mata ke aiko a saro musu.

Kwalejin tana wani ƙaramin gari mai sanyin da ke shiga ƙashi. Ɗaki ɗaya aka ba mu ni da wani mutumin Ƙanƙara, ya ɗan girme ni, bakinsa ba ya hutawa. A mako na biyu dankalin Turawa ya ishe mu, na kaɗa mana miyar kuka a ɗakin girkin ɗalibai. Ina jefa daddawa sai aka fara buɗe tagogi. Wani dogon saurayi ya toshe hanci yana tambaya ko ɓera ne ya mutu a bayan murhu. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma suna watsewa na kai ƙullin nan na jefa a kwandon shara.

Abokin ɗakina ya riƙe baki. Ya ce, "Kai ɗan Faskari, daddawar tsohuwarka ka zubar saboda hancin wani ƙato? Ai ni sai ka ba ni! Shi cukun da suke ci, turare ne?"

Na ce ya bar maganar. Ya ce, "Na bari, Bature. Allah ya sa kada ka zubar da mu ma kafin mu koma."

Abin da ya fi tafiya da hankalina a ƙasar can gonakinsu ne. In an ɗauke mu a jirgin ƙasa zuwa wurin gwaji, sai in manne da taga ina kallo. Fili shimfiɗe har iyakar gani, ba itace ko ɗaya a tsakiya, mutum guda a kan tarakta yana gama abin da gayyar ƙauyenmu ba za ta gama a kwana uku ba. In na tuna Baba a duƙe da hauya sai zuciyata ta yi zafi, ban san ko tausayi ba ne ko kunya.

Wata rana malaminmu, wani dattijo mai lofe, ya ce kowa ya zana gonar gidansu a allo. Na zana tamu yadda take: ɗorawa nan da can, gawo, kaɗanya, sai rafi daga gangare. Wani ɗalibi ya ce wannan gona ce ko daji. Malamin bai yi dariya ba. Ya tambaye ni me ya sa mahaifina ya bar itatuwan.

Na ce, "Saboda bai yi makaranta ba."

Ya ce, "Shi ya gaya maka haka? In ka koma ka tambaye shi. Ruwanku da ƙarfi yake sauka, ba irin yayyafinmu ba ne."

Littattafai huɗu na cika da rubutu a kwalejin nan, har da yawan man da kowane inji ke sha. Wannan maganar ce kaɗai ban rubuta ba.

Bayan shekara biyu na dawo, aka ba ni aikin malamin gona da babur sabo. Na tarar idon Baba ya fara rauni. Ban yi wata guda ba na durƙusa gabansa na ce zan kawo katafila a share gandu, don tarakta ba ta aiki tsakanin kututtura.

Ya ce, "Har gawon? Shi da yake kaɗe ganyenshi da damina? Ka taɓa duba dawar da ke ƙarƙashinshi?"

Na ce, "Baba, ai yanzu akwai takin zamani."

Ya ce, "To. Kai ka je ka gano, mu ba mu je ba."

Na san ba amincewa ba ce, amma na ɗauke ta a matsayin izini.

Inna ba ta yi mini magana kai tsaye, don ni ne ɗan fari. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce wa ƙanwata, da ƙarfi yadda zan ji, "A gaya wa malamin gona, ɗorawar gangare kakarshi ce ta bar mani. Ya bar mani ita ko ita kaɗai."

Na ce, "Inna, kalwa buhu-buhu zan riƙa sayo miki."

Ta ce wa ƙanwar tawa, "Ni na ce mashi kalwa ta gagare ni?"

Ɗorawar nan a kan layin tarakta take. Ranar da katafila ta zo, direban ya tsaya a gabanta ya dube ni, na ɗaga masa hannu ya ci gaba. Inna ba ta fita kallo ba. Na dawo na ga ta kife tukunyar dafa kalwa a bayan rumbu. Buhun da na sayo mata yana nan jingine har ƙwari suka cinye shi.

Damina biyu masara ta yi kyau ƙwarai. Mutane suka riƙa zuwa kallo, maƙwabta uku suka roƙe ni na yi musu irin haka, na kuwa yi. Alhakinsu ma yana wuyana. A damina ta uku aka yi wani ruwa mai ƙarfi, ya bi dogayen kunyoyin nan da na ja daga tudu zuwa gangare, ba saiwar da za ta tare shi. Ya kwashe baƙar ƙasa ya zuba a rafi, ya bar mana jar tsakuwa. Taraktar ta lalace, aka ce ana jiran kayan gyara daga waje, har ta yi tsatsa. Taki ya yi wuya. Da rani shanunmu suka rasa 'ya'yan gawon da suka saba ci.

A shekarar ne Baba ya ce in kai shi gona. Idon ya tafi gaba ɗaya, ni ke riƙe da sandarsa. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya zubar. Rana ta take, sai ya ce, "Kai ni inuwa in ɗan zauna."

Na duba gabas na duba yamma. Ba itace ko ɗaya.

Ya jira kaɗan, ya ce, "To, mu koma gida."

Bai sake taka gandun ba, kuma har ya rasu bai taɓa ce mini kai ka jawo ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daga baya na shuka ɗorawa a gefen kwazazzabon. Awaki suka ci wasu, ruwa ya tafi da wasu, biyu suka tsira. Ɗorawa ba ta sauri. Inna ta rasu shekara huɗu kafin su fara fure.

Ban rubuta wannan don in hana kowa fita neman ilimi ba. Ku je, ku gano. Amma ina roƙonku don Allah, in kun dawo kada ku yi abin da na yi. Duk abin da kuka tarar a tsaye a gidanku, ku zauna da wanda ya bar shi tun yana da rai, ku ji dalilinsa har ƙarshe kafin ku taɓa.