Gaisuwar Suruki a Bakin Layi

In dai ina numfashi, ranar da na shiga gudun fanfalaki a Kalgo ba za ta fita daga raina ba. Ba don na ci wani abu ba, wallahi ko tsinke ban ci ba.

Lokacin ina sabon ango, ina koyarwa a Gwandu. Wata da watanni na yi ina shiri. Da an idar da sallar asuba sai in bi hanyar bayan gari da gudu. Ranar farko wata tsohuwa mai koko ta hango ni, ta dire robarta ta rufa mini baya tana salati, don a saninta babba da gemunsa ba ya gudu sai da dalili. Da kyar na fahimtar da ita ba abin da ya biyo ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Allah shi ba ka lahiya."

Amma ba nisan hanya ne damuwata ba, gajeren wando ne. Surukina dattijon makiyayi ne a Maruda, mutum mai kunya da kamewa. Ko kaina ba hula bai taɓa gani ba. In na hango shi, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, ba na tashi sai ya sallame ni. A ce labari ya kai masa mijin 'yarsa na tsere a titi da gwiwoyi a waje? Ai mutuncina ya zube ke nan. Don haka a Gwandu da dogon wando nake atisaye, na kuma roƙi matata ta rufa mini asiri. Ta yi dariya har da riƙe ciki, wai ƙafafu kamar karan dawa wa zai tsaya kallonsu.

Ranar tseren na isa Kalgo da sassafe. Ko kunu na kasa haɗiyewa. Bayan gida kuwa na yi masa sintiri har mai gadin wurin ya fara yi mini sannu. Na sa gajeren wandon, na ɗaure igiyar takalmi tamau na ƙara ƙullewa, ina ba kaina haƙuri cewa nan ba wanda ya san ni.

Muka jeru a layi, mai usur ya ɗaga hannu. Sai idona ya faɗa kan wata malafa cikin 'yan kallo, da sanda a saɓe a kafaɗa. Innalillahi! Surukina ne, muka kuwa yi ido huɗu.

Ban san lokacin da jikina ya yi abin da ya saba ba. Na tsugunna ina kokawa da ƙullin da na yi da hannuna, na fizge takalman, na rarrafa gabansa ina jan wando ya rufe gwiwa, wando ya ce bai san zancen ba. Fiiit! Aka busa usur, jama'a suka kwasa.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Ya gida? Ya shanu?"

"Lahiya lau," ya ce, yana leƙen bayan masu gudu. "Kai, mi kake yi nan?"

"Gaisuwa, Baba."

"Gaisuwa? Yarinyar wajenka ta aiko cewa yau za ka fid da mu kunya. Na bar shanu hannun mutane, na hiɗa ma duk na cikin mota surukina na ciki. Ga su can sun tahi! Tashi, bawan Allah!"

Ashe matata ce ta tona. Na zabura na zura a guje. Ban yi nisa ba na ji 'yan kallo sun kece da ihu. Ina waiwayawa na ga dattijon nan yana bi na da gudu, malafa na rawa, takalmana a hannunsa. Surukina, ɗauke da takalmina! Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya kuwa cim mini, ya dangwarar da su a gabana ya ce, "Sanya, ka bar kallona!"

Cikin na ƙarshe na iso, ina jan ƙafa. Yana nan tsaye a rana bai gusa ba, na ji yana ce wa na kusa da shi, "Ka ga wancan na baya? Nawa ne." Wallahi sai da hawaye ya zubo mini.

Tun daga ranar na daina yanke wa mutum hukunci a zuciyata kafin in ji ta bakinsa. Abin da na yi ta ɓoyewa don kada ya raina ni, shi ya baro shanunsa ya zo ya yi tutiya da shi. Takalmi dai har gobe ina cire masa, sai dai yanzu in za ni Maruda silifas nake sawa.