Dogo Mai Aski Da Murɗar Wuya

Faɗan farko da na yi da Dogo mai aski a kan wuyan mijina ne. Tsohon nawa ya je aski da hantsi, ya dawo yana lanƙwasa kai hagu da dama, yana murmushi shi kaɗai. Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce wai sabon mai askin nan da ya kama shago a jikin gidanmu, in ya gama aski sai ya tallabi haɓar mutum da hannu ɗaya, ƙeya da ɗayan, ya ce ka saki jikinka, sai ya murɗa. Ƙas nan, ƙas can. Wai ji ya yi kamar an sauke masa kayan shekara goma. Mutumin da in ya yi atishawa sai ya dafa bango.

Na yafa mayafi na fita. Taku biyar ne tsakanin teburin da nake sayar da sabulu da ashana da ƙofar shagonsa. Na iske shi yana kaɗe tawul, mutum uku suna jiran layi a benci.

"Kai dogon nan," na ce masa, "gashi aka kawo maka ka rage, ko kaza aka ba ka ka murɗe?"

Na bencin suka kwashe da dariya. Shi ko a jikinsa. Ya ce mini in kwantar da hankalina, wuyoyin da ya murɗa sun fi gashin kaina yawa, ba wanda ya taɓa dawowa da kuka. Na ce gashin kaina ba yawa gare shi ba, kuma ranar da ya karya mini tsoho shi zai riƙa kai shi ban-ɗaki. Wata guda ba ma gaisawa. Har tsallaka titi yake ya sayo ashana don kada ya tsaya a teburina. Ruwan sama ne ya shirya mu, ranar da ya goce ina ciki, na fito na tarar ya janye mini tebur ƙarƙashin rumfarsa, ya rufe kayan da ledar da yake yafa wa masu zuwa aski. Tun daga nan yake ce mini Iya, ni kuma na ci gaba da ce masa Dogo, kamar kowa.

Shekara ashirin da biyu muka yi gefe da gefe. Shagon ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya ta juyawa, madubi mai tsagewa a kusurwa, kanta da injin aski biyu, almakashi, kwalin reza, gwangwanin hoda da ɗan burushi. Rediyo a rataye jikin ƙusa. Abin da ya tara masa mutane ba inji ba ne, inji kowa na iya turawa. Reza ce. In ya kama ta da babban yatsa da manuniya ya fitar wa mutum layin goshi da na gemu, sai ka ce da zare aka auna. Ba ya shan komai, ba ya zagi, yana da mata ɗaya da 'ya'ya mata uku da duk ya aurar. Lokacin da tsohona ya kwanta ciwon ajali, Dogo ne ke shigowa duk mako ya yi masa aski a kan gado, ya share gashin da kansa. Ina tsaye a kansa dai, don kada hannun nan ya zarce haɓa.

Aibinsa ɗaya, ya yarda da murɗar nan fiye da yadda ya yarda da abinci. A wurin ubangidansa ya koya, wani tsohon mai aski da ke bakin kasuwa, kuma a wurinsu duk abin da ya sami mutum daga kafaɗa zuwa sama, wuya ne ya goce, a mayar da shi. Ciwon kai, a murɗa. Gajiya, a murɗa. Da za ka ce musu matarka ta yi yaji, sai sun fara kama maka haɓa.

Wata ranar Litinin ya rufe shago ya tafi cikin gari sayo reza. A dawowa yana kujerar baya a tasi, sun tsaya a danja, wata motar kaya ta zo ta bayansu ta kasa kama burki. Ba wani mugun karo ba ne. Kansa dai ya yi baya, ya yi gaba, hularsa ta faɗa cinyar direba. Kowa ya fito aka taru a bayan mota ana duba inda ta lotsa, ana ta rigimar wa ke da laifi. Wata mata da ke gaba ta ce ita ma'aikaciyar asibiti ce, ya kamata duk a je a duba su. Ba wanda ya saurare ta. Dogo ma har da shi aka tura tasin gefen titi.

Da la'asar ya iso yana ba da labari yana dariya, yana kwaikwayon yadda hular ta tashi. Na ce masa ya bi maganar matar nan. Ya buɗe mini hannuwa, ya juya, ya ce in nuna masa inda jini yake. Na ce ni ma ƙwai nake sayarwa wani lokaci, na san wanda ya lalace a ciki ɓawonsa lafiya lau. Ya ce shi ba ƙwai ba ne.

Washegari da ya zo buɗe shago na gaishe shi, sai ya juyo gaba ɗayansa, kafaɗa da ƙugu da ƙafa, kamar an ɗaure masa katako a baya. Wuya ya sage. To, mai aski ba ya iya murɗa wa kansa, kamar yadda ba ya iya gyara ƙeyarsa. A tsakaninsu suke yi wa juna. Sai ya mayar da kwaɗo ya nufi bakin kasuwa wurin ubangidan nasa. Tsohon ya zaunar da shi, ya ce ai dole, karo ya goce masa da wuya, ya kama ya murɗa. Dogo ya dawo yana cewa ya ji sakayau. Sakayau ɗin bai kai azahar ba.

Haka aka shiga. Duk bayan kwana biyu ko uku ya tafi a murɗa, a hanya ya biya kantin magani ya sayi ƙwayar ciwon jiki, a gida matarsa ta shafa masa man zafi. Har warin man ya fi na hoda ƙarfi a shagon. In na yi magana sai ya ce ai yana samun sauƙi, da can ba ya iya kallon dama, yanzu hagu ce kawai.

Ni da ke zaune a waje ina ganin abin da shi ba ya son gani. Ya sa bulo biyu a ƙarƙashin kujerar aski don kada ya sunkuya. Ya kashe rediyon da shekara ashirin ba ta yi shiru ba, wai tana shiga masa kai. Ciwon kan daga ƙeya yake taso masa ya zagayo har saman ido. In ya ɗaga kai zai ɗauko abu a kanta sai ya dafa kujera, jiri. Mutumin da ba ya faɗa ya fara yi wa masu zuwa aski tsawa don sun motsa. Sau biyu ya tambayi mutum irin askin da yake so, bayan ya riga ya yi rabi.

Wajen wata na biyar matarsa ta zo sayen sabulu, ta tsaya tana jujjuya shi a hannu ba ta tafi ba. Na ce mata ta zauna ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce a zaune yake barci, ya jingina da bango. Ta ce kofi biyu ya saki sun fashe, ya ce santsi gare su. Maɓallin riga ma ita ke sa masa yanzu. Ta roƙe shi su je asibiti, ya ce in sauran masu sana'ar aski suka ji ya kai wuyansa wurin likita, da wane ido zai kalli ubangidansa, kuma wa zai sake ba shi nasa wuyan. Ta ce kada in ce ita ta faɗa mini. Na ce ba sai na ce ba.

Ban yi saurin magana ba, kuma wannan laifina ne. Sai da aka yi ɓarna. Wani malamin makaranta da ya fi shekara goma sha biyar yana aski a wurinsa ya zauna a kujera, Dogo yana fitar masa da layin bayan kunne. Rezar ta shiga, Dogo bai ji ta shiga ba. A madubi ya ga jini yana bin tawul. Malamin mutumin kirki ne, bai yi hayaniya ba, ya danne wurin da auduga ya ce tsautsayi ne. Amma bai sake dawowa ba, kuma mutum biyun da ke benci a ranar sun tuna suna da uzuri.

Da shagon ya watse na shiga da allurar ɗinki ɗaya daga teburina. Na ajiye ta a kan kantarsa. Na ce ya rufe ido ya ɗauke ta da yatsun da yake riƙe reza. Ya ce wane irin wasa ne wannan da girmana. Na ce ya yi dai. Ya rufe ido, ya lalubi kanta, yatsunsa suka bi ta kan allurar sau uku suna ture ta. Bai san tana wurin ba. Da ya buɗe ido sai ya zauna a kujerar masu zuwa aski, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce tun wata biyu yatsun kamar tururuwa na tafiya a ciki, yanzu kuma kamar ba nasa ba.

"To, ka ji ni da kyau," na ce. "Gobe ko ka tafi asibiti, ko in jawo kujerata nan bakin ƙofa, duk wanda zai shiga in gaya masa mai askin ba ya jin hannunsa. Ka san bakina."

"Iya, abincina ne fa."

"Abincin naka nake gaya maka."

Ya san zan aikata. Da safe matarsa ta raka shi.

Abin da likita ya ce, daga bakin matar tasa na ji shi, don shi Dogo ya rage wasu wuraren. An ɗauki hoton wuyan. Aka ce fizgar da kansa ya yi a motar ta ja masa naman wuya da jijiyoyi, kuma akwai abin da ya turo tsakanin ƙasusuwa ya danne jijiyar da ke sauka hannu. Likitan ya ce irin wannan ciwon sau da yawa ba ya nuna kansa a ranar, sai an kwana, kuma mafi yawan waɗanda suka zo da wuri, da magani da motsa wuya a hankali yadda aka koya musu, suna warwarewa. Da ya ji labarin murɗa wata bakwai, sai ya ajiye biro ya kalle shi. Ya ce ba zai iya raba abin da mota ta yi da abin da hannu ya ƙara ba, amma daga yau kada wanda ya sake kama masa kai. Yatsun kuwa, ya ce jijiyar ta daɗe a danne, ba zai yi alkawari ba.

Ubangidan nasa da labari ya kai masa sai ya ce wai ba a murɗa ya isa ba ne, an katse aikin a tsakiya. Ya zo dubiya har da naɗe hannun riga. Ni na tare shi a ƙofa. Abin da na gaya masa ba na saka shi a nan, amma bai zauna ya sha ruwa ba.

Wata huɗu Dogo yana zuwa asibiti gashin ƙashi sau biyu a mako. Ciwon kan ya yi sauƙi, jirin ya tafi, ya koma barci a kwance. Wuyan yana juyawa, ko da yake hagu rabi take zuwa ta tsaya. Manuniya ta ɗan farfaɗo. Babban yatsan bai dawo ba. Ya gwada aiki da inji kawai, ba reza, amma masu zuwa wurinsa don layin suke zuwa, kuma wasu shaguna uku sun buɗe a titin. Wata rana na ƙirga, mutum biyu ne suka zauna a kujerar tun safe. Shi kansa ya ce mini ba zai sake ɗora reza a fatar ɗan mutane da yatsan da ba ya ji ba.

Yayan matarsa yana da shagon kayan gini a wani gari, yana neman wanda zai zauna masa a ciki. Can suka koma. Kujerar da injinan wani mai aski ya saya, bulo biyun kuma har yanzu suna nan jikin bango. Ranar tafiya an gama ɗora kaya a mota, matarsa ta shiga, shi ya zo teburina yin sallama. Ya ce in yafe masa, na ce ba abin da ya yi mini, in ma akwai na rama tun tuni. Ya ce asibiti sun ba shi takarda zuwa wani likitan a can, an ce ya ci gaba da gashin, wataƙila yatsan ya ƙara motsawa, wataƙila a'a. Ya faɗi haka yana kallon titi, yadda yake yi in bai da niyyar abu.

Na ce ya nuna mini takardar. Ya ciro ta a aljihu, a ninke huɗu. Ba na karatu, amma na karɓa, na zagaya na miƙa wa matarsa ta taga. Direba ya danna oda. Dogo ya naɗe doguwar ƙafarsa ya shiga, ya juyo gaba ɗayansa zai ɗaga mini hannu.

Na ce masa, "Ranar Laraba za ta kai ka. Alhamis zan sa a kira mini ita in ji."