Kofin Goggo

Har yau in ƙamshin kunun kanwa ya bugi hancina, wani ɗan kicin nake tunawa a unguwar Whalley Range ta Manchester, a nan Ingila, a hawa na biyu na tsohon gidan da na tashi a ciki. Taga ta yi gumi saboda sanyi, Goggo tana tsaye da ludayi tana mita, wai geron da ake sayarwa a ƙasar nan ba shi da rai.

Goggo yayar Abbanmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Handsworth take zaune ita kaɗai, can Birmingham, amma rabin rayuwarta a kan hanya take yi. Ka san a nan in mace ta haihu, uwarta tana can gida tana jiran bizar da ba lalle ta fito ba. To Goggo ce uwar kowa. Da an ce matar wane ta sauka, sai ga ta da jakarta cike da gero da kanwa da yaji, ta zauna kwana arba'in tana yi mata wankan jego. Babu ganyen darbejiya, sai ta yi ta tafasa ruwa a butar lantarki tana juyewa a baho, ta gasa mai jego da tawul har sai ta nemi agaji. Ita ta yi wa Umma na haihuwata da na ƙannena biyu. Matan likitoci, matan injiniyoyi, amaren da suka biyo mazajensu karatu, babu wadda ba ta sha kunun hannunta ba.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne Goggo tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Cutar ce ta kashe mijinta a gida tun kafin a haife ni, a zamanin da maganin yana nan a duniya amma sai wane da wane. Abba ne ya yi ɗawainiyar kawo ta nan, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi da Umma sun sani tun farko, kuma shekara da shekaru a kwano ɗaya muke cin tuwo da ita. Ni dai ina ganin tana haɗiyar ƙwayoyi, ta ce mini na hawan jini ne.

In an yi hutun bazara akan tura ni wurinta. Kowace Laraba sai ta ja hannuna mu hau bas zuwa wani ɗaki a saman shago, inda mata ke taruwa, 'yan Zimbabuwe, 'yan Yuganda, 'yan Jamaika. Shayi ne da hira da cike takardu, da raka wadda ke tsoron zuwa asibiti ita kaɗai. Har matanmu Hausawa na gani suna shigowa ta ƙofar baya, sun ja mayafi har hanci, Goggo tana yi musu tafinta. A nan na ji ta tana gaya wa wata sabuwar zuwa da ke kuka: "Maganin nan ba don ana son mu aka ba mu shi ba. Wasu ne suka kwanta a kan titi suna ihu, da yawansu ba su kai ga shan sa ba. Ke kuwa ga shi a hannunki, sai ki sha." Da matan ɗakin nan aka yi ta rubuce-rubuce da zarya har aka daina neman marasa takardu su biya kafin a ba su magani.

Sai gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Ɗakin karatun unguwarmu ya rage kwanaki, wurin wasan yara ya rufe, sannan aka ce za a janye tallafin ɗakin Laraba. Matan suka shirya wasiƙa, suna neman likitoci su sa hannu. Goggo ta taso takanas ta zo Manchester. Ina zaune a falo ina aikin makaranta ta ajiye takardar a gaban Abba, tunda shi ma likita ne.

"Likita, hannunka kawai nake so. In hukuma ta rufe wurin nan, akwai waɗanda za su daina shan magani, kai ma ka sani."

Abba ya daɗe yana kallon takardar. "Yaya, ki rufa mana asiri. 'Ya'ya mata gare ni."

Ta naɗe abarta ta mayar jaka. Bayan mako biyu, cikin tsakiyar hunturu, ta tsaya a gaban ofishin hukuma da kwali a hannu, ta faɗa da bakinta cewa ita ma tana da cutar, kuma ga ta da ranta. Wani ya ɗauke ta a waya. Kafin ta isa gida, babu gidan Bahaushe daga Birmingham zuwa Manchester da bai gani ba.

A lokacin Umma tana da cikin autanmu. Da ta haihu ba a kira Goggo ba, amma ta zo da jakarta kamar kullum, ta dama kunu cike da tukunya ranar suna. Falo ya cika da mata, sai Umma ta kira ni kicin ta miƙo mini farin kofi da kwalbar jan farce.

"Sa masa alama inda za a gani. Na Goggonku ne, don hankalin baƙi ya kwanta."

Shekarata goma sha ɗaya. Na zauna na yi ta shafawa a hannun kofin, har ina hurawa don ya bushe, ni da kaina na kai mata shayi a ciki. Matan da ta gasa da tawul suka riƙa janye 'ya'yansu daga kusa da ita. Wadda ta fi kowa matsawa nesa, na gane ta, na taɓa ganin ta a ƙofar baya ta ɗakin Laraba, kuma Goggo ba ta ko ɗaga ido ta dube ta ba. Abba ya leƙo gaishe da baƙi, ya ga kofin, ya wuce. Likita ne fa. Ya fi kowa sanin ba a ɗaukar cutar a kofi. Kunun nan babu wanda ya taɓa, da yamma Umma ta juye shi a magudana. Washegari da safe Goggo ta tafi, arba'in ɗin da ba ta cika ba ke nan.

Ɗakin Laraba ya rufe, yanzu wayoyi ake gyarawa a wurin. Abba kuwa duk shekara ana gayyatar sa taron lafiya na al'umma, ya maƙala jan ƙyalle a ƙirji, ya yi bayani mai daɗi kan illar ƙyamar masu cutar, a tafa masa. Ina zama a baya ina jin zuciyata tana tafasa. Na yafe wa baƙin, jahilci ne ya ɗebe su. Waɗanda suka sani suka yi shiru ne na kasa yafe wa, kuma ban cire kaina ba.

Goggo tana nan da ranta, ƙwaya ɗaya take sha a rana, ta fi Umma ƙarfi. Bara na haihu a Salford, ita na fara kira tun ina gadon asibiti. Ta zo da gero da kanwa, ta dama kunu. Na buɗe kabad na ɗauko mata sabon kofi, sai na ga ta sa hannu a jaka ta fito da wani fari, tsoho, jan farcen ya dushe amma yana nan.

"Goggo, ga kofuna nan fa."

"Bar shi, 'yata, na saba da wannan. Duk gidan da na je da shi nake zuwa." Ta shafa alamar da babban yatsa. "Aikinki ne ai, na gane tun ranar. Ba ki taɓa iya shafa jan farce a miƙe ba."

Ta zuba kununta a ciki, ta zuba mini nawa a sabon, ta ce in sha tun da zafinsa.