Kumfar da na kwashe da cokali

Ina tsaye a kicin riƙe da cokali, Alhassan yana kallona kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Ɗan Zangon Kumasi ne, flat ɗaya muke a unguwar International City, nan ƙasar waje. Sati uku ke nan yana haɗa lemon malt marar giya, saboda wani mai gidan abinci a unguwar Al Sabkha zai ɗanɗana gobe. Ya soya sha'ir har lemon ya yi duhu, ya ƙara alkama, ya hana mu wanke kofinsa da soson tukunyar manja.

Ɗazu na tarar da kofin a kan tebur, samansa fari fat, shi kuma ya tafi ɗauko waya zai ɗauki hoto. Mu a gidanmu in kumfa ta taso a zoɓo, kwashewa Inna take yi. Sai na taimaka masa, na kwashe tas.

"Malam Nura, ina kumfata?"

"Dattin nan? Na zubar, yanzu zai shawu."

Ya zauna daɓas a ƙasa. "Chale, abokina, sati uku ina neman dattin nan! Yau kaɗai ta tsaya. Khalas, shi ke nan."

Na ce, to kumfa ba iska ba ce? Ya ce ita mutumin zai fara dubawa kafin ya kai baki.

Na ba shi haƙuri, amma wallahi ban gane ba. Jama'a, ku faɗa mini, tun yaushe aka fara sayen abin da Inna ke zubarwa a kwata?