Adarob, Mai Rowar Iska

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum da sassafe Adarob zai shanye gahawarsa mai citta, ya tada injin rumfarsa a bakin tekun Sawakin, ya jera tukwanen iskar masu nutso cikin kwamin ruwa. Kafin ya ɗura wa kowace, sai ya shafa wuyanta da yatsa, ya karanta lambar da maƙera suka buga. In ɗari biyu ce, allurar ma'aunin iska na taɓa ɗari biyu zai rufe. Ni mamaki ne ya fara zaunar da ni wurinsa: mutum na sayar da numfashi a tukunya.

Sakayyarsa? Masu nutson suna kiransa mai rowar iska. Kowa ya zama malamin ƙarfe. Wannan ya ce ai tukunya na hucewa iskar za ta ragu, a ƙara. Wancan ya ce ya ji Turawa na zarce lamba, kuma ba abin da ya same su. Duk don ƙarin minti goma a ƙasan ruwa wajen tsintar dodon koɗi. Rabinsu suka koma bayan kasuwar kifi, wurin wani mai inji da ke ɗurawa har sai an ce masa ya isa.

A gabana Ohaj, ɗan ƙanwarsa, ya kawo tasa. Adarob ya kwance kanta, ya tarar an cire siririn faifan da ke tsagewa ya saki iska in ta yi yawa, an cusa tsohon kwabo a gurbinsa. Ya haska cikinta, duk tsatsa.

"Kawu, iska ce fa, ba gadonka ba. Ƙara mini ashirin kawai."

"Kai za ka goya ta. Ni za a aika in gaya wa uwarka."

Adarob ya ɗauko mahuji ya ɓula tukunyar. Wata takwas Ohaj bai gaishe shi ba. Yana nan da ransa da 'ya'ya huɗu, har yau yana cewa an cuce shi.

Kai ne mai tsayawa inda aka ce a tsaya, Adarob. Ƙarar inji ta cinye maka kunne ɗaya, ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, kuma ban ji wanda ya ce a yanka ko akuya ba. Na gode maka a madadin waɗanda ba su ma san an yi musu komai ba. Wanda zai gaji rumfar nan ya fara koyon cewa a'a tun yanzu, don na ga har sun soma kai masa gaisuwa.