Arhar da Na Zaɓar wa Baba

A lokacin ina ɗalibi a Makka, na zo daga Zariya da matata, muna haya a wani ɗan gida a unguwar Mansur. Allah Ya ba ni kai a harkar waya, kuma na san Ya ba ni, nan matsalar take. Duk dattijon unguwa da zai sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ko ya nemi layin asibiti, ni yake nema. Har na fara jin kamar in na yi tafiya unguwar tsayawa za ta yi.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne da iyayensa suka zo ta Sudan, shi kuwa a nan aka haife shi. Kowa Baba yake ce masa. Yana da 'yar mota da yake raba waina da miya a shagunan unguwannin Rusaifa da Shisha, kuma da ita yake kai matarsa, Hajiya, wankin ƙoda a asibiti. Hajiyar nan ta riƙe mu kamar ita ta haife mu. Da matata ta haihu, Hajiya ce, duk da ciwonta, ta tsaya a kan jegon.

Wata rana Baba ya kawo mini waya da kuɗi, ya ce in sabunta masa ta'amin, wato inshorar mota, irin wanda ya saba yi. Na buɗe na ga kala biyu ne. Akwai shamil mai tsada, wanda ke biyan motarka ko ambaliya ce ta ci ta. Akwai kuma mai arha, wanda ba ya biyan komai sai motar wanda ka buge. Baba shamil ya saba. Sai na ce a raina, mutumin da ke tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai, wa zai buga? Ruwa kuma, ni da na taso a daminar Zariya, dariya nake yi wa mutanen Makka in na ga suna rawar jiki don hadari ya ɗan haɗu. Na danna mai arha. Na san in na faɗa masa ba zai yarda ba, don haka na mayar masa da ragowar kuɗinsa na ce rangwame na samo. Ya yi ta sa mini albarka, ni kuma ina ta ƙasaita.

Abin da ban sani ba, dutse ba ya shan ruwa. Da sanyi ya shigo, wata la'asar aka tsuge da ruwa a kan duwatsu, duk ya gangaro cikin gari, tituna suka koma kogi. Baba ya ajiye motar a wani gangare a Rusaifa ya shiga kai waina. Kafin ya fito ruwa ya kai gilashi. Washegari ya zo wurina hankalinsa kwance, yana ta hamdala cewa shi ya tsira, mota kuwa ai shamil gare ta, in taimaka in shigar masa da neman diyya.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na riƙe wayar ina dube-duben ƙarya, har dai na ga ba mafita, na faɗa masa komai. Na zaci zai yi faɗa, kuma da ya yi ɗin da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya kira ni ya waladi, wato ɗana, kamar yadda ya saba. Ya ce shi ma ya san mai arhar, ba rashin wayo ne ya sa yake biyan mai tsada ba, don dai ba shi da halin sayen wata motar ne in wannan ta tafi. Abu guda ya roƙe ni, kada Hajiya ta ji, don ba ya son ya raba ta da ɗan da ta samu da tsufa.

Makanike ya ce inji ya sha ruwa, gyara ya fi ƙarfin motar. Rabon waina ya tsaya. Asibiti ya koma sai tasi, kuma ina gani da idona akwai ranakun da Baba kan rasa kuɗin zuwa. Na riƙa tsakurar ɗan tallafin karatuna ina biya, in raka Hajiya, amma ina, bai isa ba. A hanya takan dafa kafaɗata ta ce Allah Ya ba ni masu yi mini yadda nake musu. Nakan ce amin.

Ban ci wa Baba ko riyal ɗaya ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Yanzu na gane na ƙwace masa abin da ya fi kuɗi, na yanke masa hukunci a kan asarar da shi zai ɗauka, ba ni ba. 'Yan'uwa masu taimakon iyaye da waya, don Allah ku karanta musu abin da ke gabanku, ku bar su su zaɓa. Masu mota kuma, kafin arha ta ja ku, ku tambayi kanku wa zai kwana a gida ba magani in motar ta tsaya. Ni ban tambaya ba, Hajiya ce ta biya.