Ranar da Na Kira Kwamanda Matsoraci

Abubuwa da yawa sun faru a Potiskum a shekarun tashin hankali waɗanda na roƙi Allah Ya mantar da ni, kuma Ya amsa mini a kan wasu. Amma akwai wata gardama da na yi a kan fim, fim kawai, wadda na san ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Hausari. Bango ɗaya ne tsakanina da shagon wani mai gyaran talabijin da rediyo da kowa ke kira Injiniya, shi kuma yana ce mini Tela. Kirista ne. Aikin gwamnati ne ya kawo mahaifinsa daga Filato tun kafin a haife mu, a nan ya yi ritaya, a nan aka binne shi. Shi kuwa Injiniya a Potiskum aka haife shi, a nan ya yi makaranta, har ya fi ni jin yaren Ngizim, ni da kakata 'yar ƙabilar ce. Ni na ɗinka masa kayan aurensa. Shekara tara muna maƙwabtaka, ban tuna ranar da muka ci abincin rana kowa shi kaɗai ba.

Shi ya koya mini kallon fina-finan sararin samaniya. Da can ni na Indiya na sani da na 'yan Sin masu faɗa. Akwai wani da muka fi so, mai kashi-kashi. Labarin wani gari ne da mutane suka gina a wata duniya mai nisa, inda babu iskar shaƙa sai a ƙarƙashin wani ƙaton rufin gilashi, da wani kwamanda mai furfura a gemu da ke tsaronsa daga wasu injina masu tunani. A kashi na ɗaya da na biyu mutumin nan bai taɓa ja da baya ba. Mun kalle su har faifan ya kakkarce. Turancina bai taka kara ya karya ba, don haka Injiniya ke fassara mana, yana kwaikwayon muryoyinsu, wani lokacin har da ƙarin gishirinsa.

Da gari ya rikice, aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fita, gidajen kallo suka rufe. Kallon namu sai ya koma tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Injiniya ke tayar da ɗan janaretansa don gwada kayan mutane. Mu uku ne yawanci: ni, da shi, da wani dattijon Bafulatani, dillali a kasuwar shanu, da muke kira Baffa. Gyaran rediyo ya kawo shi wata rana, ya tarar muna kallo, ya zauna, shi ke nan ya zama namu. Ba ya gane komai game da jiragen da ke cikin fim ɗin, amma yana son kwamandan. Yakan ce, “Wannan da makiyayi ne, ko saniya ɗaya ba za ta ɓace masa ba.”

Yanzu da na girma na gane abin da fim ɗin yake yi mana. A waje ana harbe mutane a ƙofar gidajensu, ba ka san wa zai kwana ba. A cikin shagon kuwa akwai mutum ɗaya da muka tabbata ba zai gudu ya bar kowa ba.

Sai ga kashi na uku ya fito. Wani direba ya kawo mana faifan daga Kano, muka zauna kallo ranar wata Alhamis kamar masu jiran ango. Abin da muka gani ya kashe mini jiki. Kwamandan ya ga yawan abokan gaba, ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, da ya fito sai ya ba da umarni kowa ya shiga jirage. Ko harbi ɗaya bai yi ba. Ya kashe fitilun garin da hannunsa suka tashi. Mataimakinsa, wanda suke tare tun kashi na farko, ya ƙi tafiya, aka bar shi a can ya mutu.

Na miƙe tun kafin a gama rubutun ƙarshe. Na ce, “Wannan ba fim ba ne, cin amana ne.”

Kwana uku ba ni da wata magana sai ta fim ɗin. Na shiga wayata da ɗan guntun Turancina, na ga ashe ba ni kaɗai ba ne, masu kallo a ƙasashe daban-daban sai zagin masu fim ɗin suke yi. Na haddace hujjojinsu kamar karatun jarrabawa. An canja mai ba da umarni, sabon bai san halin kwamandan ba. Makamin da aka ɓata kashi na biyu gaba ɗaya ana nema, ko ambatonsa ba a yi ba. An kashe mataimakin cikin minti biyar kamar kaza. An ja labarin ne kawai don a samu na huɗu. Wasu daga cikin hujjojin nan har yau ina ganin gaskiya ne, kuma shi ma Injiniya ya yarda da maganar makamin. Amma bai biye mini a kan sauran ba. A kwanakin na ga yana ta kiran mutane su zo su ɗauki talabijin ɗinsu, har waɗanda bai gyara ba. Na ɗauka kasala ce ta kama shi. Ban tambaya ba, don kaina ya cika da kwamanda.

Ranar Litinin da rana Baffa yana shagona yana jiran rigarsa, ina datse zare, sai Injiniya ya shigo ya zauna a kan benci. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce, “Tela, in ka gama akwai maganar da nake so mu yi.”

Na ce, “In dai kare matsoracin nan ka zo yi, ka ma fasa.”

Ya ɗan yi murmushi ya ce, “Ba shi ya kawo ni ba. Amma tun da ka tayar, ni ban ga tsoro a wurin ba. Ka lura da yawan yaran da aka shigar jirgin kuwa?”

“Yara dai! A kashi na biyu babu yara ne? Me ya sa bai gudu a lokacin ba?”

“A lokacin yana ganin zai iya. Yanzu ya ga ba zai iya ba. Wa ya gaya maka bai so ya tsaya ba? Ba ka ga fuskarsa da ya fito daga ɗakin ba?”

Muryarsa ta canja a wurin nan, ta yi ƙasa, tana ɗan rawa. Da ina da hankali da na ajiye almakashi. Amma ni abin da na ji shi ne na kusa kayar da shi, kuma ga Baffa yana saurare. Na ce, “Namiji ba ya barin garin da aka binne iyayensa. Duk wanda ya tattara ya gudu ranar wuya, dama can ba ɗan garin ba ne, zaman cin abinci yake yi.”

Ya ce, “Haka kake gani?”

Na ce, “Haka ne ma. Kuma ban yi mamakin da kake kare shi ba. Ai ga 'yan'uwanku can kullum a tasha, da katifu a kan mota.”

Baffa ya buga sandarsa a ƙasa. “Kai, Tela! Ka ji tsoron Allah!”

Injiniya ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da za ka yi wa wanda ka ɗauka ka sani. Ya sa hularsa ya miƙe. Ya ce, “To, Tela. Allah Ya ba mu alheri.” Ya fita. Baffa ya bi bayansa, ko rigar bai karɓa ba.

Na sha tambayar kaina daga ina maganar nan ta fito. Ban taɓa kallonsa a matsayin baƙo ba. Gaskiyar ita ce tsoro ne ya cika mini ciki. Duk motar da na gani an ɗaure mata kaya sai in ji kamar ni ake bari a baya, kuma tun da ba zan iya cewa ina jin tsoro ba, sai na mayar da shi zagi. Kwamandan na fara zagi, na ƙare a kan abokina.

Na san na yi laifi tun kafin la'asar, amma girman kai ya hana ni zagaya bango ɗaya. Talata na ji motsinsa a shago, na ƙara gudun keken ɗinki don kada in ji. Laraba ranar kasuwa ce, aiki ya yi yawa, na ce gobe zan saya masa tsire mu shirya kamar yadda muka saba. Ranar Alhamis da safe na tarar da ƙofarsa a buɗe, mai gidan yana shara. Babu benci, babu janareta, sai guntayen waya a ƙasa.

Baffa ne ya ba ni labari. An harbe mutum biyu a layin su Injiniya cikin mako guda, sannan aka zura masa takardar barazana ta ƙarƙashin ƙofa. Matarsa tana da cikin wata bakwai, ga 'yan mata biyu ƙanana. Ya yi kwanaki yana jayayya da kansa kafin ya yanke shawarar tafiya Jos. Baffa ya ce, “Kai ya so ya fara gaya wa. Kuma ya so ya roƙe ka ka riƙa leƙa kabarin babansa, kada ciyawa ta cinye shi. Da ya fita daga wurinka sai ni ya roƙa. Ni da ko hanyar maƙabartarsu ban sani ba.”

Na zauna a dandamalin shagon na kasa ɗaga kai. Na kira lambarsa sau ba adadi, a kashe. Ba a daɗe ba aka datse layukan waya a jihar gaba ɗaya, muka yi watanni ba kira ba saƙo. Da aka dawo da su, lambar ta daina shiga. Ni da Baffa muka nemi maƙabartar muka nome kabarin sau biyu a daminar, amma ba ni da hanyar da zan gaya masa.

Shekara ba ta cika ba abin ya zo kanmu. Wata safiya harbi ya ɓarke a bayan layinmu, hayaƙi ya rufe unguwa, mahaifiyata da ke fama da hawan jini ta faɗi a tsakar gida. Ban tsaya tunanin abin da namiji ke yi ko ba ya yi ba. Na sa ta da matata da yara a bayan wata motar shanu da za ta Azare, na bar kekena da kayan mutane a shago, ko kullewa ban yi ba. A hanya ina riƙe da kan mahaifiyata a cinyata, ina kallon gari yana nisa, babu abin da ke dawo mini sai muryata a ranar Litinin ɗin nan. Wata huɗu muka yi a Azare. Wata rana a wurin mai shayi wani ya ce, yana dariya, “Ku ma 'yan Potiskum, da kun tsaya kun kare garinku.” Na shanye shayina na tashi. Na san bai san abin da yake faɗa ba, kamar yadda ni ma ban sani ba.

Sai bayan shekara shida na samu lambarsa, ta hannun wani mai kawo kayan lantarki daga Jos. Na yi kwana biyu da ita kafin na iya kira. Ya gane muryata nan take. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, na ce ta rasu, ya yi mini ta'aziyya. Ya tambayi Baffa, na ce shi ma. Ya ce namiji matarsa ta haifa, har ya shiga firamare. Sai na ce, “Injiniya, maganar da na faɗa maka ranar nan, don girman Allah ka yafe mini. Ban san abin da ka zo da shi ba.”

Ya ce, “Na yafe maka tun muna mota, kafin mu kai Bauchi. Ba zagin ne ya dame ni ba. Na so a ce mutum ɗaya a garin nan ya ce mini, ‘Je ka, ba laifinka ba ne.’ Kuma kai na sa wa rai.”

Na faɗa masa hakan a lokacin, amma ni kaina na ji yadda maganar ta makara. Ya yi godiya cikin ladabi, irin godiyar da mai shago ke yi wa wanda ya kawo kayan gyara. Na ce ya zo ya ga gari, an samu lafiya. Ya ce in Allah Ya yarda. Bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Yanzu sai saƙon barka da Sallah daga wurinsa, na barka da Kirsimeti daga wurina. Yafiya na samu, amma abota irin ta da ba ta dawo ba.

Abin da na koya shi ne, yanke hukunci a kan jarumta abu ne mai sauƙi ga wanda ke zaune a kan benci. Mutumin cikin fim ba ya jin zafin zagi, amma na kusa da kai yana ji, kuma ba ka san wane hali yake ciki ba. In ka ga wani ya dage yana kare abin da wani ya aikata a labari har muryarsa na rawa, ka dakata, wataƙila labarin kansa yake ba ka. Kuma duk ranar da abokinka ya ce yana da magana, ka ajiye abin da ke hannunka ka saurare shi tukuna. Gardama za ta jira ka har gobe, amma mutum ba lallai ne ya jira ba.